Yadda ake ɗaura kilif ɗin sifirin a tsohuwar mota da yadda ake daidaita shi

Mai riƙe da tsohuwar mota a Kumasi, ko Land Rover ce da ya gada, ko akori-kurar Peugeot 404, ko tsohuwar Datsun, idan ya kai ta Magazin ta Suame, unguwar kanikawa da masu sayar da kayan mota, saboda bayanta yana ƙara ko ta karkata gefe guda, abin da aka fi dubawa shi ne babban fallen sifirin, wato falle mafi tsawo da ke sama cikin jerin fallayen ƙarfen da ke ɗauke da mota, da bushin, da shokazoba. Kilif, wato ɗan maɗaurin ƙarfen nan da ke rungume da fallayen sifirin tsakanin aksil da ido, zoben nan da ke bakin babban falle, ba kasafai ake waiwayarsa ba. Sau da yawa sai a tarar ya faɗi tun tuni, ko an maye gurbinsa da waya ko da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tub, ko kuma wani ya ƙulle shi tamau da nufin kyautatawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana rage wa sifirin kwana, kuma a ganina ƙullewar tamau ɗin nan ta fi sauran ɓarna, domin mai yin ta yana zaton gyara ya yi.

Kafin a ɗauki sufana ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai yubol, wanda ke manne tsakiyar sifirin da aksil, kuma shi ana ɗaure shi ne da ƙarfi har tsakiyar ta zama dunƙule guda da ba ta motsi. Akwai kuma kilif, wanda ke can wajen bakin fallaye, shi kuwa aikinsa ya tsare fallayen kada su watse, ba tare da ya matse su ba. Wasu tsofaffin littattafan gyaran mota suna kiran duka biyun da suna ɗaya, saboda haka idan ka ga an rubuta a ɗaure kilif da ƙarfi sosai, ka duba zanen da ke kusa, domin galibi yubol ake nufi.

Abin da kilif yake yi

Irin wannan sifirin ya girmi mota. A shekarar 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar ƙirarsa a Landan don kekunan doki, masu ƙera mota suka gaje ta daga nan. Land Rover ta yi amfani da shi gaba da baya tun daga 1948 har zuwa Series III da aka daina ƙerawa a 1985, haka ma Toyota Land Cruiser samfurin 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984. Morris Minor a baya kaɗai take da shi. Manyan Bedford na katako da suka yi zamani a hanyoyinmu, da Benz 207 da aka daɗe ana tirotiro da ita, wato haya ta ɗaukar fasinja, duk a kan sifirin na falle suke tafiya.

Fallayen ba tsawonsu ɗaya ba, kuma bol ɗin da ake kira santabol ne kaɗai ya ratsa su duka a tsakiya. Idan mota ta ɗauki nauyi sifirin yana miƙewa, idan nauyin ya sauka yana komawa bakansa, kuma a kowace miƙewa bakin kowane falle yana zamewa kaɗan a jikin na samansa. Ka ɗauki littafi mai laushin bango ka lanƙwasa shi, za ka ga gefen takardun ya goce wa juna. Idan kuwa ka danne gefen da yatsu, littafin ba zai lanƙwasu da sauƙi ba. Sifirin da aka matse bakinsa haka yake zama. Yana yin tauri, mota ta riƙa duka a kowane ɗan rami, wahalar kuma ta taru a wuri ɗaya maimakon ta bazu a tsawon ƙarfen, daga nan sai tsaga ta fara, yawanci dab da kilif ɗin.

To me ya sa ba za a cire shi gaba ɗaya a huta ba? Dalili na farko shi ne fallaye suna juyawa a kan santabol su buɗe gefe da gefe, musamman a kwana, kuma fallen da ya goce yana iya yanka taya daga ciki ko ya goge tiyon birki. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Lokacin da taya ta faɗa rami, ko mota ta yi tsalle bayan ta hau tudun rage gudu, nauyin aksil da tayoyi yana jan tsakiyar sifirin ƙasa, alhali babban falle ne kaɗai ke rataye da shasi ta idanunsa biyu. Idan babu kilif, shi kaɗai zai ɗauki wannan fizgar, sauran fallayen su rabu da shi su bar shi. Idan akwai kilif, da zarar babban falle ya ɗaga kaɗan sai ya taɓa bol ɗin da ke samansa, ya jawo 'yan'uwansa su taya shi. A yawancin waɗannan motoci sifirin ne kuma ke hana aksil murɗawa idan an taka birki ko an tashi da ƙarfi, shi ya sa wasu masu ƙira suka fi yawaita kilif a rabin gaba.

Iri-irinsa da yadda ake gane wanda ya lalace

Wanda aka fi gani a motocin da suka manyanta shi ne mai bol. Ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe da aka lanƙwasa ya yi hannu biyu, aka kafe gindinsa da ribit a bakin fallen da ya fi gajarta cikin waɗanda zai runguma, hannuwan suka tashi ta gefe biyu, bol ya ratsa su a saman babban falle, da ɗan bututu a jikin bol ɗin tsakanin hannuwan. Ɗan bututun nan shi ne ruhin aikin, domin shi ke hana hannuwan matse gefen fallaye komai ƙarfin da aka ɗaure noti. Iri na biyu ba shi da bol, ana naɗe hannuwansa ne a kan babban falle da guduma, wani lokaci da roba ko leda mai tauri a ciki. Akwai kuma na kasuwa da ake ɗorawa daga waje ba tare da ribit ba, wanda yake da amfani idan ba a son kwance sifirin, sai dai yana iya tafiya daga mazauninsa.

A wanke sifirin da ruwa da buroshin waya tukuna, domin jar ƙasar nan tamu idan ta haɗu da tsohon mai tana rufe komai. Bayan ya bushe a tsugunna a kalli gefen fallayen daga baya: ya kamata su hau layi ɗaya. A kama kowane kilif a girgiza. Idan yana rawa a kan ribit ɗinsa, ko hannunsa ya buɗe, ko bol ya ɓace, ko bututun ya cinye ya zama siriri a tsakiya, aikinsa ya zo. Jan gari mai kama da hoda da ke fitowa daga tsakanin fallaye alama ce ta ƙarfe yana cin ƙarfe. A kuma shafa saman babban falle a ƙarƙashin bol da yatsa. Idan an ji kwari a wurin, to bol ko bututu ya daɗe yana gugarsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda saman falle shi ne ɓangaren da ke jawuwa idan mota ta ɗauki nauyi, kuma daga ɗan kwari ko ƙarzuwa a wannan fuskar tsaga take somawa. Fallen da ya riga ya tsage ba shi da magani sai canji.

Sayen kaya a Magazin

Kada a tafi da sunan mota kaɗai, domin motar da ta haura shekara 40 da wuya a ce sifirin ɗinta na asali ne. A auna faɗin falle, a auna kaurin fallayen da kilif zai runguma a haɗe, kuma in da hali a tafi da tsohon kilif a hannu. Motocin Ingila da inci aka ƙera su: sifirin ɗin Land Rover Series II da III faɗinsa inci biyu da rabi ne, wato milimita 63.5, saboda haka kilif na falle mai milimita 60 ba zai shige shi ba, na mai 70 kuma zai yi masa yawa. Zaren bol ma haka yake. Na Ingila daban, na Faransa da Japan daban, kuma notin da aka tilasta wa zaren da ba nasa ba yana kama da ya ɗauru, amma a hanya yake zubewa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi bol da notinsa tare. Mai kaurin milimita 8 ya ishi ƙaramar mota, mai 10 kuma ya dace da akori-kura da abin da ya fi ta, kuma a nemi wanda aka buga 8.8 a kansa, da noti mai roba a baki wanda ba ya kwancewa da kansa.

Idan ba a sami kilif na kamfani ba, maƙeran Magazin suna iya lanƙwasa shi daga ƙarfe mai laushi, kuma babu aibi a wannan muddin an kai musu awo sahihi kuma kaurin ƙarfen bai gaza na asali ba. Abin da nake roƙo a tsaya a kai shi ne kada a huda ramukan bol a hannuwan sai an gwada kilif ɗin a jikin fallayen, domin tsayin ramin nan shi ne zai yanke ratar da za a samu a sama. Bututun kuma a yanke shi ya fi faɗin falle da milimita 1 zuwa 1.5, bakinsa a miƙe ba a karkace ba.

Sauran kayan aiki su ne jak, da matokarai na ƙarfe guda biyu, da waigi, da kilam biyu masu ƙarfi, wato mamatsan nan masu zare, da gudumar tagulla ko guntun katako mai tauri, da magagari, da alli, da sufana mai awo idan za a taɓa yubol.

Idan bol da bututu kaɗai za a canza

Wannan aikin ba ya bukatar sauke sifirin. A tsayar da mota a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa, a ɗaga, a tokare shasi da matokaran ƙarfe, ba aksil ba. Bulo na siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma jak kaɗai ba abin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa ba ne, komai gaggawa. A cire taya, a sa jak a ƙarƙashin aksil a ɗan ɗaga har fallayen su haɗu. A zuba man sassauta tsatsa ko kananzir a kan noti a ba shi lokaci. Idan ya ƙi, a yanke bol ɗin da zarton ƙarfe. Kada a kawo wutar walda kusa, domin taurin ƙarfen sifirin daga wuta aka ba shi, kuma wuta tana iya karɓe shi a daidai wurin da ta taɓa.

Idan fallayen sun goce, a sassauta yubol kaɗan, a sauke jak ɗin aksil don nauyi ya ragu, sannan a buga su ta gefe da gudumar tagulla ko ta bayan katako har su koma layi. Gudumar ƙarfe tana barin tabo a gefen falle. A miƙe hannuwan kilif idan sun buɗe kaɗan, a sa sabon bututu, a zura bol.

Akwai ƙa'ida a kan ta inda bol yake shiga, kuma mutane da yawa ba su san dalilinta ba. Kan bol yana zama ta ciki, wajen shasi, noti kuma ta wajen taya. Hikimar ita ce, ranar da noti ya kwance ya faɗi, bol ɗin zai zame ne ya nufi cikin mota. Da an juya shi, sai ya fito ya nufi taya ya yanka ta tana gudu. Bayan an ɗaure, idan bol ya yi tsawo a rage shi, a bar zare biyu ko uku a bayan noti. Idan notin ba mai roba ba ne, a tokare kan bol da wata guduma, a ɗan daddoki bakinsa ya baje a kan noti. Ƙarfin ɗauri ga bol na milimita 8 mai lamba 8.8 bai wuce kimanin niyutan-mita 25 ba, kuma a kan bututu ɗaurin yake sauka.

Idan kilif ɗin kansa za a canza

A nan dole a sauke sifirin. Kafin a kwance komai a yi masa alama da alli: wane ne na dama, wane ne na hagu, kuma wane gefe ke kallon gaba. A yawancin motoci santabol ba a tsakiyar tsawon sifirin yake ba, saboda haka idan aka juya shi aksil zai bar mazauninsa. A wasu samfuran Land Rover kuma na gefen direba ya fi ɗaya gefen baka, kuma idan aka musanya su motar za ta karkata. A tallafi aksil da jak, a kwance ƙasan shokazoba idan yana jikin farantin yubol, a cire yubol, sannan shakul, wato ƙarfen da ke lilo yana haɗa ɗaya idon da shasi, sannan bol ɗin ido na gaba, ana lura kada aksil ya sauka ya ja tiyon birki. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan.

A ƙasa, a ja layin alli a gefen fallayen a karkace, daga sama zuwa ƙasa, ta rabin gaba kaɗai, domin a gane jerinsu da fuskarsu wajen mayarwa. Sai a matse sifirin da kilam biyu, ɗaya a kowane gefen santabol, kafin a taɓa notin santabol ɗin. Kowane falle yana da nasa baka, gajerun sun fi dogayen lanƙwasa, kuma akwai ƙarfi a ɗaure a cikinsu wanda zai iya karya yatsa idan aka sake shi lokaci guda. Bayan an cire santabol a riƙa sassauta kilam ɗin bi da bi, kaɗan kaɗan, har fallayen su rabu.

A yanke kan tsohon ribit ta ƙasan kilif, a buge shi ya fita. A goge kowane falle da buroshin waya, kuma idan za a sa magagari ko injin gogewa, a bi tsawon falle, kada a gitta shi, domin ƙarzuwar da ta gitta falle hanyar tsaga ce. Wurin da bakin gajeren falle ya ci cikin na samansa ya yi masa mataki, a lallashe matakin har ya daina kama farce, a kuma ɗan kashe kaifin bakin gajeren fallen. Idan matakin ya yi zurfi sosai, wannan fallen ya gama aiki.

Ramin ribit a bakin falle tun kafin a ba ƙarfen tauri aka huda shi, kuma shi ne ya nuna mazaunin kilif. Ban ga dalilin huda sabon rami a wani wuri ba, kuma huda shi da wutar gas kashe falle ne. Ribit ɗin na ƙarfe mai laushi ne, kansa mai nutsewa, yana shiga ta saman falle ya fito ta ƙasan kilif. A kifa fallen a kan maƙera yadda kan ribit zai zauna daram, a baje ɗaya bakin da guduma har kilif ya daina motsi, ana duba cewa hannuwansa sun tsaya daidai da tsawon falle. Sai a juya a shafa saman: kan ribit kada ya ɗara fuskar falle ko da kaurin takarda, domin idan ya ɗara zai riƙa sassaƙar fallen da ke samansa. A goge shi da magagari ya daidaita. Walda kilif a jikin falle don gudun wahalar ribit kuskure ne babba, kuma ko mai walda ya ce zai yi ta da sauri ƙarfen bai yi zafi ba, kada a yarda.

Wajen haɗawa, a zura dogon ƙarfe siriri a ramin tsakiya don fallayen su hau layi, a matse su da kilam, sannan a zare ƙarfen a sa sabon santabol. Kada a yi amfani da santabol wajen jawo fallaye su haɗu, zarensa ba zai jure ba. A yanke abin da ya yi saura a bayan noti.

Game da shafa mai a tsakanin fallaye, kanikawa sun rabu. Tsofaffin littattafai suna cewa a shafa giris mai girafayit, kuma a kan sifirin na ƙarfe zalla wannan daidai ne. Amma a ƙasarmu, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina kuma damina a nan kudu take zuwa sau biyu a shekara da jan taɓo, giris mai yawa yana kama yashi ya zama abin da ke cin ƙarfen. Ra'ayina shi ne a shafa siriri a ciki lokacin haɗawa, a goge duk wanda ya fito waje. Sifirin da ke da ledar zamewa ko roba a tsakanin fallaye kuwa a bar shi a bushe, domin man fetur da danginsa suna lalata roba. Baƙin man inji da aka zubar bai dace da kowanne ba.

Daidaita rata

Nan ne ainihin aikin. Ana auna ratar ne lokacin da fallayen suke haɗe, wato a cikin kilam idan sifirin yana ƙasa, ko da nauyin mota a kan tayoyi idan yana jikinta. Idan aka auna aksil yana rataye, babban falle ya riga ya ɗaga ya taɓa bututu, awon ba zai nuna komai ba.

Tsakanin ƙasan bututu da saman babban falle ana son kimanin milimita 1.5. Wanda ba shi da ma'aunin rata yana iya amfani da ruwan zarton ƙarfe, wanda kaurinsa ya ɗan haura rabin milimita: a haɗa biyu, a zura ta bayansu marar haƙori. Idan biyu sun shiga da sauƙi, huɗu kuma sun ƙi, ratar ta yi. Bututun da aka yanke daidai ba ya juyawa bayan an ɗaure, amma babu inda ya taɓa falle. Ta gefe kuma ruwan zarto ɗaya ya iya shiga tsakanin hannun kilif da fallaye, ko da a gefe ɗaya ne.

Idan ratar sama ta yi kaɗan, a nemi bututu mai siririn jiki. Idan hakan bai isa ba, kilif ɗin ya yi gajere, a ƙera wani. Idan ta yi yawa, har ana jin ƙarar ƙarfe a kowane rami, a sa bututu mai kauri, ko a sa masa rigar tiyo mai tauri, wadda take kashe ƙarar kuma ba ta cin falle. Tsawaita ramin bol da magagari ba gyara ba ne, domin bol ɗin zai riƙa hawa da sauka a cikinsa. Idan kilif yana matse gefe, bututun ne ya gaza, kuma washa siririya ɗaya tsakanin bututu da hannun kilif tana warware matsalar.

Ga kilif na naɗewa dabarar ita ce a ɗora ruwan zarto biyu a kan babban falle, a naɗe hannuwan a kansu da guduma, sannan a zare su, ratar ta zauna da kanta. Mai roba a ciki ba ya bukatar wannan, ana naɗe shi ne har robar ta taɓa falle ba tare da ta matsu ta fito gefe ba. Irin wannan kilif sau ɗaya ake naɗe shi. Wanda aka buɗe aka sake naɗewa yana karyewa a gwiwa, saboda haka a sa sabo. Na kasuwa marar ribit kuwa a ɗora shi a inda na asali yake, kusa da bakin gajeren falle amma ba a kan bakin ba, don kada fallen ya zame ya fice daga cikinsa lokacin da sifirin ya miƙe.

Masu ɗauko doya daga Techiman ko albasa daga Bawku sukan ƙara falle ɗaya ko biyu don mota ta jure lodi. Duk wanda ya yi haka ya sani kaurin sifirin ya canza, saboda haka tsohon kilif, da santabol, da yubol, duk sun gaza. Abin da ake yawan yi shi ne a cire bututu a tura bol da ƙarfi ta saman falle, ko a bar kilif a buɗe ba bol. Sabon kilif mai dogayen hannuwa ake ƙerawa. Ƙarin falle kuma bai ƙara wa aksil da birki da shasi ƙarfi ba.

Mayarwa da gwaji

A rataya ido na gaba, sannan shakul, a bar notocinsu a sake. A sauko da aksil har kan santabol ya faɗa raminsa a mazaunin aksil. Idan bai faɗa ba aka ɗaure, motar za ta riƙa tafiya a karkace kuma za ta cinye taya. A sa sabbin yubol, domin tsofaffin sun riga sun miƙe a ɗaurin farko, a ɗaure notocin huɗu a gicciye, kaɗan kaɗan, zuwa awon da littafin motar ya faɗa. Sifirin da ya karye a daidai ramin santabol kusan kullum sakin yubol ne ya jawo. Notocin ido da na shakul, idan bushin na roba ne, sai an sauke mota a kan tayoyinta an girgiza ta sannan a ɗaure su, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Da motar a ƙasa a sake auna ratar kowane kilif. A duba abin da ke kewaye da shi: tiyon birki, da wayar hambirki, da salansa, da jikin shokazoba, da shasi a sama, ana tuna cewa sifirin zai matso kusa da shasi fiye da yadda yake yanzu idan an yi lodi. A auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a dama da hagu, a kuma auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a gefe biyu. Sai a fita da ita a hankali, a bi hanya mai rami da tudun rage gudu, gilashi a sauke ana saurare. Ƙara mai kaifi da ke zuwa lokacin da mota ke tasowa bayan rami tana nuna rata ta yi yawa. Tauri da duka da babu su a da suna nuna wani kilif ya matse, kuma bayan tafiya kaɗan za a ga wurin ya yi ƙyalli a saman falle ko a gefensa.

Sabbin yubol suna saki bayan fallaye sun zauna, saboda haka a sake bin su da sufana mai awo bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, a duba notocin kilif a lokaci guda. Daga nan a riƙa leƙa su duk lokacin da aka canza man inji, da kuma bayan kowace doguwar tafiya arewa da kaya. Motar da take zaune a Accra kusa da teku tana bukatar dubawa fiye da ta Kumasi, domin iskar gishiri tana cin bututu da ribit daga ciki, kuma tsatsar da ta kumbura a tsakanin bututu da falle tana cike ratar da aka bari. Idan aka tarar haka, a cire bol, a kankare wurin da buroshin waya, a shafa fenti ko giris siriri a jikin bututu, a sake aunawa da ruwan zarto.